Ranar da Sadiƙ Ya Nome Sabar Baba

Kafin ku fara yi mini tsiya cewa na yi shiru kwana biyu, ku bari in zauna tukun. Har yanzu ƙafafuna ƙaiƙayin gona suke yi, wanda ya jawo mini kuma yana can yana turo mini saƙon soyayya kamar ba shi ya yi ɓarnar ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Murjanatu, 'yar Jega ce ni, ni ke riƙe da kafen intanet na Babanmu a bakin titin da ya nufi Aliero. Baba manomin albasa ne, abin da ya sani a kwamfuta bai wuce ƙarar fankarta ba. Da ya ga ɗaliban Aliero na ta sintiri neman inda za su buga takardu, sai ya buɗe shago ya ce tunda ni na karanci abin, in riƙe. Mai nemana da aure kuwa Sadiƙ ne, yana tsaron kemis ɗin kawunsa. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya fita sai da shadda mai guga. Ina son shi. Na faɗa tun yanzu, don kada in kun ji abin da ya aikata ku ce in rabu da shi.

A gidanmu akwai doka tun ta kakanni: duk wanda zai auri 'yar gidan sai ya yi gayya a gonar Baffa Garba, yayan Baba, can Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama. Baffa shi ke ba da aure. Mijin yayata Zinatu ya kwashi abokansa suka je suka nome gonar, har yau in an taru sai an yabe shi, shi kuma ya riƙa gyara zaman hula. Sadiƙ kuwa tun da aka haife shi hannunsa bai san ƙotar fartanya ba. Damina ta sauka ya ce mura, aka yi noman farko ya ce ciwon baya, aka yi maimai ya ce kawunsa ya yi tafiya. Bayan ƙaramar salla Baba ya gaji, ya kira ni tsakar gida.

"Ki hwaɗa ma yaron ga naki," in ji shi, "in ba a ga aikin hannunai ba kamin a yanke maiwa, ya nemi wani gida."

Na isar da saƙo. Sadiƙ ya gyara tabarau ya ce in bar komai a hannunsa. Da na san abin da yake nufi, da na ɗaure hannun.

Sai na ɗan yi muku bayanin shagon, in ba haka ba ba za ku gane girman masifar ba. A ƙuryar kafe akwai babbar kwamfuta ɗaya da muke kira saba, Linux ke tafiyar da ita. A cikinta na sa wata manhaja da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar uku, wato gida ɗaya mai ɗakunan haya. Ɗan haya na farko shi ke karɓo intanet daga kwanon satalayit da ke kan rufi ya raba wa kowa. Na biyu shi ke ƙirga lokacin masu hawa. Na uku shi ke ajiye ayyukan ɗalibai ya tura su firinta. Ita wannan manhaja tsohuwa ce mai tsirfa, ba ta jituwa da kowane kanel, wato zuciyar Linux ɗin, sai wanda aka haɗa ta da shi tun farko. Shi ya sa duk lokacin da saba ta ce akwai sabuntawa, nake yi mata kunnen uwar shegu.

Ran Litinin na tafi suna Aliero, ƙawata ta haihu. Na sha atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ga lalle ya kama har gwiwar hannu. Baba ya ce zai zauna bakin shago ya karɓi mutane. Ina tsakiyar cin shinkafa da miyar albasa wayata mai tocila ta yi ƙara, saƙon Sadiƙ ne ya shigo.

"Murja tawa, yau na yi gayya. Na nome sabar Baba tas, na sa mata sabon komi, na cire ciyawa duka. Gayyar zamani ke nan. Ki yi alhwahari da ni."

Na ture kwanon shinkafar gefe. Na yi masa filashin, bai kira ba. Na sake, shiru. Ashe yana can majalisarsu yana ba da labarin jarumtarsa.

Ko da na dawo gida Baba ya rufe shago, yana zaune kan tabarma yana ɗaure buhun iri. Ya dube ni yana murmushin da ban gane kansa ba.

"Yaronki ya zo bayan la'asar, mutane sun watse. Yac ce shi gonatai kwamputa ta, in bar shi ya yi gayyatai nan. Na bar shi. Gobe da sassahe zan tahi Aliero wurin irin albasa, can zan kwana. In na dawo in ga aiki. In shago na tahiya daidai, in yi ma Baffanki magana ko ya karɓa. In ko ya ɓata, to mutumin da bai iya gona ba, bai iya kwamputa ba, mi za ya ciyad da ke da shi? Tabarau?"

Na ce, "To, Baba."

Da safe ko kunu ban sha ba na zari hijabi na nufi shago. Na tayar da janareto, na kunna saba. Ta tashi lafiya lau, har da sabuwar gaisuwa. Na kira manhajar, ta ce ita ba a haɗa ta da wannan kanel ba, in sake haɗa ta. 'Yan hayan nan uku kuwa ko motsi. Na ce ba komai, na sa umarnin sake haɗawa. Ta fara, rubutu na gudu a allo, har na fara hamdala, sai ta tsaya cak ta zubo mini kurakurai jere-jere. Sabon kanel ya canja wasu abubuwa da tsohuwar ta saba kamawa, ta laluba ba ta same su ba, ta zauna.

Ban karaya ba, domin in an sa sabon kanel tsohon yakan zauna a gefe, sai mutum ya zaɓe shi wajen kunnawa. Na kashe na kunna, na zuba ido a jerin zaɓi. Sabon ne kaɗai, tsoho ko ƙurarsa.

Daidai nan Sadiƙ ya yi sallama, cikin farar shadda mai aiki a wuya, hula zanna, da ledar ƙosai a hannu. Fuskarsa kamar gonar auduga.

"Kin gani? Hat tashi ta hi yi da sauri."

"Malam," na ce, domin haka nake kiransa in raina ya ɓaci, "ina tsohon kanel?"

"Ai shi a' ciyawar. Da nis sa sabo tac ce in kashe in kunna. Sai nig ga suna biyu, tsoho da sabo. Manomin kirki ba ya barin ciyawa kusa ga shuka, sai nit tumɓuke shi."

"Da kag gama, ka duba ko intanet na zuwa?"

"Mi za ya hana ta zuwa? Ba ta saba zuwa ba?"

Mutumin da bai taɓa shiga gona ba shi ke koya mini halin manomin kirki. Sai kuma wata tambaya ta faɗo mini, wadda ya kamata in fara da ita.

"Tsaya. Wa yab ba ka kalmar sirri?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin leda. "Ba kowa. Sunana nib buga, sai tab buɗe."

'Yan uwa, na so ƙasa ta tsage in shige. Eh, sunansa na sa. Wata ranar da ya kawo mini balangu na canja, ban taɓa zaton akwai mai ƙarfin halin da zai zauna gaban kwamfutar mutane ya fara gwada sunan kansa ba. Shi kuwa maimakon ya ji nauyin ɓarnarsa, sai wani washe baki yake, wai ashe haka nake son shi.

"Rufe bakin," na ce. "In Baba ya dawo ya tarad da shagon ga haka, sunan naka ko a katin biki ba ya hitowa."

Nan take murmushin ya gudu. Ya ce to a sauko da tsohon daga intanet mana. Na nuna masa saba. Intanet ɗinmu ɗan haya na farko ke kawo ta, ɗan haya na farko ba zai tashi ba sai da tsohon kanel, tsohon kanel kuma yana intanet. Lambobin haɗa kwanon ma a cikin cikinsa suke. Akwai wani kafe a gari, amma mai shi sahu ɗaya suke salla da Baba, kafin in gama zama labari ya isa Aliero. Wata ɗaliba ta leƙo tana tambayar aikinta da za ta miƙa, na ce mata babu sabis, ta dawo gobe. Na rufe ƙofa ina jin kunyar idonta.

Saura hanya ɗaya: faifan CD ɗin da na sa Linux ɗin da shi tun farko. Tsohon kanel na ciki, da duk abin da manhajar ke bukata don ta sake kama shi. Na san inda na ajiye shi, cikin kwalin takalmi a kan durowar ɗakina, na ma rubuta masa KAR A TAƁA da jan alƙalami. Na koma gida da sauri. Kwali na nan, takalmi na nan, faifai babu.

Inna na tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Waɗanga masu walƙiya? Ai Baffanki ya aiko shekaranjiya, tsuntsayen janbaki sun dame shi ga maiwa. Nit tattara mai su duka. Mi kika yi da su, ba waƙa ba wa'azi?"

Na zauna daɓas kan turmi. Na kwashe komai na gaya mata. Ta yi dariya har garin ya tashi mata a fuska, sannan ta ɗauko mini ƙullin daddawa da kuka ta ce in kai wa Gwaggo Delu, matar Baffa, don kada a ce na je hannu rabbana.

Na shiga motar Maiyama, Sadiƙ ya biyo baya a kan babur, nesa-nesa yadda ba za a ce tare muke ba. Daga Maiyama na sami mai kai ni Gumbin Kure. Tun daga bakin hanya na hango gonar Baffa tana ƙyalli. Ya kafa sanduna ya ja igiya, ya rataye faya-fayai ta ramin tsakiya, iska na juya su. Maiwa ta yi kai ta sunkuyo, janbaki kuma sun yi baƙi a kan bishiyoyin gefe suna jiran sa'a.

Baffa na zaune ƙarƙashin wani ɗan dandamalin itace da ake hawa don korar tsuntsaye, Gwaggo Delu ta kawo masa fura. Sadiƙ ya tuɓe takalmi tun daga nesa saboda kunyar surukai, ya durƙusa. Inda ya zaɓa ya durƙusa kuwa ƙarangiya ce zalla. Na ga idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau, amma bai motsa ba.

Na gaida Baffa, na yi bayani a taƙaice, na bar sunan mai laifi. Na bi igiya ina duba faifai ɗaya-ɗaya, har na kai kusurwar gabas. Ga shi can yana lilo, da jan rubutuna, da kashin tsuntsu a gefe. Na kai hannu.

"Ke, bar shi nan," in ji Baffa. "Wanga shi aj jarumin gonag ga. Duk ya hi su walƙiya, kuma ta nan ɓarayin ka shigowa. Ɗauki wani."

"Baffa, shi kaɗai ka yi. Gobe in maido maku shi."

"Kamin gobe sun cinye mani kusurwa. Wanda duk yac cire shi, sai ya aje abin da ka tsayawa madadinai."

Ya faɗi haka yana kallon Sadiƙ. Rana ta bugi tabarau ɗin, suka yi wal. Baffa ya karkata kai ya ƙara dubawa, irin kallon da yake wa bijimi a kasuwa.

"Wanga ba shi na yaron da mura ta hana noma ba? Tashi, samari. Juya kanka haka. Delu, dibi yadda idanunai ka walƙiya."

Gwaggo Delu ta toshe baki da gefen zane. Ni na zaci Sadiƙ zai kawo ciwon baya. Sai na ji ya ce, "Baba, ni nib ɓata na'urar, ba ita ba. Ku ba ta faifan, ni in tsaya."

Wallahi a nan duk haushin da nake ji ya ragu da rabi. Baffa ya miƙa masa gwangwani mai tsakuwa a ciki, ya nuna masa dandamali. Na baro shi a sama, farar shadda ta sha ƙarangiya, yana kaɗa gwangwani yana cewa tsuntsaye su yi haƙuri su tafi. Baffa na daga ƙasa yana ce masa ba a roƙonsu, tsawa ake yi.

Da na iso Jega na wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, na goge da gefen mayafina, na yi bisimilla na tura shi. Saba ta riƙa gurnani tana juya shi, ni kuma ina karanto duk addu'ar da na sani. Ta karanta. Na ciro tsohon kanel da kayan haɗinsa na mayar, na kashe na kunna, na zaɓe shi. Na sake sa umarnin haɗa manhajar. Rubutu ya yi ta gudu, wannan karon bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Ɗan haya na farko ya tashi, fitilar intanet ta yi kore. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo, aikin ɗalibar nan na nan ba abin da ya taɓa shi. Na mayar da tsohon kanel shi ne na farko a jeri, na kulle shi yadda ko an yi sabuntawa ba za a taɓa shi ba. Sannan na cinye ƙosan Sadiƙ da ya huce tun safe.

Saƙonni kuwa sai shigowa suke, domin a duk gonar kan dandamalin ne kaɗai ake samun sabis.

"Murja, tsuntsayen ga ba su da tsoron Allah."

"Muryata ta tahi."

"Baffa ya ce in kwana, da asuba sun hi zuwa. Gwaggo ta ba ni tuwo, na ce na ƙoshi don kunya. Ban ƙoshi ba."

Washegari da hantsi Baba ya dawo. Ya tarar da shago cike, firinta na ta aiki, ɗalibar nan na tattara takardunta. Ya zagaya, ya kara kunne jikin saba ya saurari fanka, ya gyaɗa kai.

"Ashe yaron ya iya wani abu. Har ƙarat ta ta canza."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, na dai dage da goge kibod. Ina cikin haka babur ya tsaya a ƙofa. Baffa Garba ne a baya, ya riƙe malfarsa, Sadiƙ na tuƙi. Na ga Sadiƙ na kasa gane shi. Ya yi baƙi, shadda ta koma ruwan ƙasa, hula ta karkace. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Baba, wannan karon sai da ya duba ƙasa tukun.

Baba ya fara sa masa albarka kan gyaran kwamfuta. Na riƙa yi masa alama da ido ya yi shiru ya karɓa. Bai ko kalle ni ba.

"Baba, ba gyara niy yi ba," ya ce da wata murya kamar ta agwagwa. "Ɓatawa niy yi. Murjanatu tag gyara. Ban san aikin ba, nis sa hannu don tsoron gona."

Har masu hawa intanet suka juyo. Fuskar Baba ta ɗaure. Na ce shi ke nan, na wanke faifai a banza. Sai Baffa ya gyara murya ya zauna kan benci.

"Ni ban san kwamputa ba," ya ce wa Baba. "Abin da nig gani, yaro ya yi ɓarna bai gudu ba, ya tsaya rana tun jiya. Noma kam bai iya ba, kuma ba ya iyawa har abada. Amma tun da nike ban ga mutumin da janbaki ka tsoro kama tai ba. Ga tsawo, ga walƙiya, ga muryag ga. Ya koma ya tsare mani maiwa. Randa tas shiga rumbu lahiya, ya turo magabatanai."

Baba ya dubi Sadiƙ ya ce, "Yaya ya gama magana. Amma ko kusa ga na'urag ga kas sake zuwa, ni da kai na."

Na miƙa wa Baffa faifansa kamar yadda na yi alkawari. Ya ture hannuna ya ce in riƙe abina, ya sami wanda ya fi shi.

Ban san sanda na shige bayan firinta ina dariya da hawaye tare ba. Da yamma, bayan sun koma, saƙo ya shigo daga kan dandamali.

"Murja tawa, tunda mun kusa zama ɗaya, har yanzu sunana na kalmar sirri?"

Na rubuta masa, "A'a, na canja. Kuma ba ni ɓoye maka. Sunan Baba na yanka na, ka san shi. Duk sadda kaka so, zo ka buga."

Can sai ga amsa: "Allah shi tsare ni. Sunan surukina ko da yatsa ba ni kiranai."

Ni kaina sai na runtse ido nake buga shi, amma tun da na fara aikin kwamfuta ban taɓa samun makulli mai ƙarfin wannan ba. Na ajiye waya ina jin daɗina, na ɗauko tsintsiya zan share shago, sai ta sake ƙara.

"Kada ki hwaɗa ma Baffa. Ɗazu wata tsuntsuwa ta sauka bisa hulata, ta zauna, ta yi kallona. Ina jin sun hwara sabawa da ni."

Maiwar kuwa, da idona na gan ta jiya, ko bushewa ba ta fara ba.